Zoben Mijinyawa

...kuma ko wane ne ya ƙirƙiro irin wannan zama, bai taɓa son kowa ba a rayuwarsa. Mugu ne. A zaunar da kai a kan benci, a kawo mutumin da ya fi kowa saninka a duniya, a tsayar da shi can ɗaya gefen tebur, a ce masa to bismilla, faɗa mana dalilin da ya sa wannan bai kai albashin da yake nema ba. Wai sulhu. Haka aka rubuta a takardar sammaci, zaman sulhu.

Zailani yana zaune, hannuwa a kan gwiwa. Hannuwan da duk Keffi ta sani, shekara tara suna tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon Guguwa. Yau ba su da aikin yi sai gumi.

Ajin firamare ne, ranar Asabar, an ture bencina gefe. A tsakiya Mista Gamaliel, jami'in ƙwadago da aka turo daga Jos, da tabarau da biro uku a aljihun gaba. Abin da ya yanke ya yanku, kowa ya yarda da haka tun da safe. Kusa da taga Alhaji Husaini, mai motocin doya, mai ƙungiya, yana jan carbi kamar abin bai shafe shi ba. A baya Filomina tana dukan tafireta. A gaba kuma... a gaba Koci. Mijinyawa. Tsaye, da hula a naɗe a hannu, da kwalbar lemon da aka ajiye masa bai ko taɓa ba.

Wata uku Koci bai yi masa magana ba. Wata uku cur. Ko a masallacin Juma'a sai ya canza sahu.

To me suka yi? Sata suka yi? Gwamnati ta yi ƙarin albashi, an zubo wa ma'aikata ariyas, wato cikon watannin baya, masinjan da jiya yake aron keke yau yana tayar wa mutane da kaji da sabon babur, mudun shinkafa ya haura inda ba a taɓa zato ba, su kuwa masu cika fili da jama'a suna nan inda aka ajiye su tun kafin a canza kuɗi. An ce arzikin mai ya zo. Ya zo, ya bi ta kan titi, bai tsaya a bakin raga ba. Shi ne suka rubuta takardar neman ƙari. Zakka, ɗan bayansu na Garaku, shi ya kawo dabarar da ya gani wurin ma'aikatan kuza: a sa hannu a kewaye kamar bakin faifai, don kada a san na farko. Su sha ɗaya, kai da kai, suna juya takarda. Dabara iya dabara. Sai ga Mista Gamaliel ya juya ta sau biyu, ya yi murmushi, ya ce ba komai, ɗaya bayan ɗaya zai saurare su, a fara da mai riga lamba ɗaya.

Lamba ɗaya. Gola. Duk wayon nan, babu wanda ya tuna da lambar riga.

Sauran goman suna waje, a gindin darbejiya, amma kunnuwansu na jikin taga. Ya sani. Yana jin numfashin Zakka daga nan.

Koci yana magana. Ya ce Zailani ya tsufa... to, talatin ta kusa, wannan ba ƙarya ba ne. Ya ce yana makara wurin atisaye. Makara? Shi da yake riga raɓa isa fili? Ya ce bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya taɓa zagin alƙalin wasa a Akwanga har da kakanninsa. Wannan kam an yi, kuma alƙalin ya cancanta. Ci gaba, Koci. Ci gaba. Muryar ce dai... muryar nan mai kaushi ta tsohon soja, wadda ta kira shi daga saman lodi —

Gangaren Tudu, bakin mota, ana wurgo doya daga ƙasa shi yana cafewa a sama. Ɗaya, biyu, ɗari. Ko ɗaya ba ta karye ba. Wani mutum ya jingina da keke yana kallo har aka gama lodi. Ya ce kai, mai dogayen hannu, sauko. Ya ce ka taɓa tsaron gida? Zailani ya ce gidan wa? Mutumin ya yi dariya har da tari, ya saya masa rake, suka tafi fili a ƙafa yana tura keken. Ranar nan ce aka fara kiransa da wani abu ban da ɗan dako.

Kada ya faɗa. Komai ya faɗa, amma ban da wannan. Allah ka riƙe masa harshe.

Don akwai abin da Koci ya sani, shi kaɗai. Idon hagu. Shekara biyu ke nan, wasan Lafiya, ana yayyafi, ya faɗa kan ƙwallo wani ya kawo takalmi ya same shi a gefen goshi. Ya tashi ya ƙarasa wasan, aka ɗauke shi a kafaɗa. Bayan sati uku gefen hagu ya zama kamar gilashin fitilar da ya sha hayaƙi, daga baya hayaƙin ma ya tafi, babu komai. Idon yana nan garau ga mai kallo. Yana juyawa, yana hawaye idan ana yanka albasa. Gani ne kawai babu. Idan maganar ta fito a ɗakin nan, Filomina ta buga ta a takarda, takarda ta tafi Jos, an karɓe katin wasansa ke nan. Ba maganar ƙari ba kuma. Ba fili, ba raga, ba riga. Wa zai ba mai ido ɗaya tsaron gida?

Ko matarsa Huraira ba ta sani ba. Shekara biyu yana zaunar da ita a damarsa, wurin cin abinci, wurin hira, ko'ina. Ta ɗauka girmamawa ce, har tana yi wa ƙawayenta fariya. Bai gyara mata ba.

Asibitin mishan, likita ya haska ƙaramar tocila ya girgiza kai. A hanyar dawowa, bayan motar doya babu kaya, su biyu, suka tsaya shan ruwa. Koci ya sayi lemo kwalba ɗaya. Ya zagayo ta hagunsa, inda duhu yake, ya ƙwanƙwasa zobensa na azurfa a jikin kwalbar. Ƙyal, ƙyal.

"Kana jin wannan?"

"Ina ji, Koci."

"To daga yau shi ne idonka na hagu."

Shi ke nan. Tun daga ranar Mijinyawa ya bar bencin masu horo, ya koma tsayuwa bayan raga ta gefen hagu, da kwalba a hannu. Sau ɗaya, mutum na zuwa. Sau biyu, ƙwallo na zuwa, miƙa hannu. 'Yan kallo suka ce asiri ne, wai akwai rubutu a cikin kwalbar. Ƙungiyar Nasarawa har ƙara suka kai, alƙali ya karɓi kwalbar ya shinshina, ya ɗanɗana, ya mayar. Sun yi dariyar wannan har Zailani ya riƙe ciki, a shagon mai shayi, Koci yana raba musu burodi ɗaya da babban yatsa... ina ma a ce yanzu ne. Ina ma ƙanshin ciyawar da aka sare da safe, da farar toka a kan layi, da ƙarar nan da ƙwallo ke yi idan ta zauna daram a tafin hannu, da shirun da fili ke yi kafin ihu. Jiya ya bi ta wajen filin, tun da rigimar nan ta tashi babu wasa. Ciyawa ta kai gwiwa. Shanun Ɓoɗejo Bafulatani suna kiwo a bakin ragarsa, wata saniya tana soshe wuya a jikin turke. Turkensa na hagu. Ya tsaya ya daɗe, kamar mai kallon tsohon gidansu da aka sayar.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce a tambayi Koci, ƙwallo bakwai da aka zura musu a kakar bara, me ya sa duk ta gefe ɗaya suka shiga? Ya ce shi ba ɗan ƙwallo ba ne, amma yana da ido.

Yana da ido. Biyu ma.

Bakwai ɗin nan... wasannin da iska ta kwashe ƙarar zobe, da wanda masu ganga suka zauna bayan raga, da ranar da Koci ya kwanta zazzaɓi. Ga ta nan ta zo. Faɗa, Koci. Ka rama. Na sa hannu a takarda ban shawarce ka ba, ka ji a bakin mutane, kai da ka sauko da ni daga kan mota. Ga wuƙa an miƙa maka.

Mijinyawa ya kalli allo, ba shi ba. Har yanzu akwai lissafin jiya da alli a jiki.

"Tsoro ne, ranka ya daɗe. Tun bugun da ya sha a Lafiya yake tsoron faɗuwa hagu. Zuciya ce ta mutu."

Tafireta ta ɗauka. Ta-ta-ta-tas.

Tsoro?

Shi? Zailani? Wanda ya sa kai tsakanin takalma shida a Makurɗi? Wanda ya ƙarasa wasa da yatsa biyu a karye, an ɗaure da tsumman fitila? A waje wani ya ja tsaki, wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Sun ji. Kafin la'asar ta kai kasuwa, kafin magariba ta kai wurin masu lodi, gobe 'yan kallo su yi masa waƙa da ita. Gara a ce ɓarawo. Gara a ce ya sayar da wasa. Jini ya hau masa kai, kunnuwa sun yi zafi, gwiwoyi sun fara miƙewa da kansu. Zai tashi. Wallahi zai tashi ya buga teburin nan ya ce ƙarya kake, tsoho, ƙarya kake, ba tsoro ba ne, ka fi kowa sani, ido ne, ido ne ya mutu ba zuciya ba, kuma da ido ɗaya na tsare muku gida shekara biyu, wa ya isa a cikinku... Maganar tana nan a maƙogwaro, da zafinta, ta riga ta jera kanta —

Me ya sa ɗakin ya yi tsit?

Tafireta ta tsaya. Carbin Alhaji ya tsaya. Mista Gamaliel yana kallonsa ta saman tabarau, a'a, ba shi yake kallo ba, wani abu yake kallo a gefensa, a gefen da...

Ƙyal, ƙyal.

Hannu ya tafi. Bai aike shi ba, shi ya tafi da kansa, hagu, sama kaɗan, ya cafe. Takarda ce. Filomina ce ta zagayo ta bayansa tana miƙa masa abin da ta buga don ya duba, Allah kaɗai ya san tun yaushe take tsaye a wurin da hannu a miƙe. Ya karɓa kamar dama yana sane, kamar fushi ne ya hana shi waiwaya. Ta koma. Carbi ya ci gaba da tafiya, a hankali dai.

Koci ya ɗauki kwalbar ya kurɓa, kamar mai jin ƙishirwa.

Koci yana can gefensu. Yana tsaye a gefen Alhaji, da bakinsa ya gama yanka shi, amma... sau biyu. Ƙwallo na zuwa, miƙa hannu.

Zailani ya kalli takardar. Karatun da ya koya wa kansa daga rubutun jikin motoci ya ishe shi gane kalmar, ga ta nan a layi na ƙarshe, baƙa ƙirin. Matsoraci ana iya ajiye shi a tsohon albashi, a ce wataƙila zuciya ta dawo. Matsoraci yana da kati. Yana da riga lamba ɗaya, yana da Asabar mai zuwa. Alhaji ya nemi dalili, dole a ba shi dalili, tsohon ya duba cikin duk abin da ke hannunsa ya zaɓi wanda zai yi ciwo amma ba zai kashe ba. Wata ukun nan da yake canza sahu... ko wannan yake ta juyawa a ransa? Ko kuwa har da fushin, duka biyun a haɗe? Wa ya sani. Shi kansa Zailani, da yake sa hannu a bakin faifan nan, shinkafa yake tunani? Ko so yake a tsayar da Koci gaban hukuma, a tilasta masa ya faɗa da baki, sau ɗaya tak, abin da bai taɓa faɗa ba cikin shekara tara: babu kamarsa daga nan har Jos?

Ga abin da ya samu.

"Malam Zailani," in ji Mista Gamaliel, ya cire murfin biro. "Ka ji abin da kocinka ya faɗa. Gaskiya ne, ko kana da ja?"

Idan ya ce gaskiya ne, ya sa wa kansa suna har kabari, ƙarin ya tafi, kuma goman da ke gindin darbejiya za su shigo ɗaya bayan ɗaya a kan ƙasar da ya riga ya zaftare musu. Zakka da 'ya'yansa huɗu. Idan ya ce ƙarya ne, Alhaji zai ɗago kai ya ce to mene ne, bakwai ɗin nan mene ne?

Ya gaji. Tun daga wuya har tafin ƙafa, irin gajiyar minti na tamanin da tara, an ba da fenariti, mai bugu ya ja baya, kai kuma dole ka zaɓi gefe kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo. A fili akwai mai ƙwanƙwasa maka. A nan... ya karkatar da kai kaɗan, ya ba kwalbar kunne. Koci ya ɗora yatsa a wuyanta. Bai buga ba. Bai ɗauke ba.

Biro na jira.

Sulhu wai. A sa mutum ya zage ka don ya cece ka, a sa ka gode masa ta hanyar amsa sunan da ba naka ba, sannan a buga hatimi a ce an daidaita ku. Mugu ne ya ƙirƙiro shi. Wanda yake ganin ba haka ba ne, ga benci nan, akwai wuri ta hagun Zailani. Ya zo ya zauna, ya kalli yatsan tsohon nan a kan kwalba, sannan ya musa.