Karsana a Saman Hasumiya

Malachy Tuohy ya ƙirga shanunsa, ya sake ƙirgawa, jar karsanar nan dai babu ita. Ya duba bayan shinge, ya duba bakin rafi, ya dawo yana ta zage-zage shi kaɗai. Sai ya ji kukan saniya daga sama, inda ba a saba jin kowa ba sai hankaki. Ya ɗaga kai. Ga ta can ta leƙo ta tagar benen hasumiya, tana tuƙa abinta.

Hasumiyar a tsakiyar gonarsa take, ta fi shekara ɗari biyar a tsaye. Wani mai sarautar yankin ya gina ta don tsoron 'yan'uwansa ɓarayin shanu, sojojin Ingila suka yi mata ruwan igwa suka yaye rufin, kakannin Malachy kuma suka kwashe duwatsun gefe guda suka gina wa aladu ɗaki. Ɗakin ƙasa na nan lafiya lau da rufin bakan gizonsa, har ana ganin sawun tsumagun da magina suka saƙa suka ɗora dutse a kai. Nan shanu ke fakewa in ana ruwa. Bakin matakala kawai ake tarewa da ƙyauren ƙarfe, shi ne kuma jiya Malachy ya buɗe ya manta bai rufe ba.

Kowa a yankin ya san saniya tana hawa matakala amma ba ta saukowa. Sai an rufe mata fuska da buhu, maza biyar sun ja ta da baya-baya. To, maza biyar bakuna biyar ke nan, kafin su tashi daga mashaya labari ya kai birnin Limerick. A Limerick kuwa 'yarsa Nuala take, wadda tun da ya faɗi a garke bara ta sa ya yi mata alkawari: in aka sake samun wani abu, kome ƙanƙantarsa, zai tattara ya koma ɗakin da ta gyara masa. Ya ga ɗakin. Tagarsa na kallon wurin ajiye motoci, kuma ya tsane shi har cikin ransa. Ga shi yau Lahadi, Nuala tana hanya da tukunyar naman rago da dankali.

Ya shiga gida ya fito. Ya ɗauki waya ya ajiye. Ya ɗora ruwan shayi ya bar shi yana tafasa, ya suri buhu da igiya. Yana tsallaka fili sai ga maƙwabcinsa Packie a kan tarakta, ya rage gudu a bakin katanga.

"Tsoho, ina zuwa da buhu? Satar dankali?"

"Na gonarka? Ko aladu ba sa ci."

Packie ya wuce yana dariya. Malachy ya gode wa Allah da ya halicci mutumin nan ba ya ɗaga kai sama.

Matakalar murɗaɗɗiya ce, ga ƙunci ga duhu. Hannun dama take juyawa, yadda mai gida da ke sama zai sami sararin kai sara, mai hawowa kuwa takobinsa sai bugun bango. A tsakiya akwai taki ɗaya da magina suka ɗaga fiye da sauran da gangan, don ƙafar abokin gaba ta harɗe. Malachy ya san takin nan tun yana yawo da gajeren wando. Bai manta ba, ya ɗaga ƙafar kuwa, sai dai ba ta kai inda take kaiwa a da ba. Gwiwarsa ta daki dutse, ya ji wani abu ya goce a ciki. Ƙasa ta yi nisa, don haka da rarrafe ya ƙarasa sama.

Saman babu rufi, ciyawa ta fito shar a inda masu gida suke cin abinci a da. Karsanar ta zo ta shinshina hularsa. Ya jefa mata buhun, ta girgiza kai ta yar. Ya dafa bango zai miƙe, ƙafar ta ce ba da ita ba. Ya sake gwadawa har gumi ya karyo masa, sannan yayyafi ya sauko.

Ta siririyar kafar harba kibiya ya hango motar Nuala ta shigo. Nuala ta shiga gida, ta fito da sauri tana kiran Baba. Ya yi gum. In ya daure, ƙila ta ɗauka yana wurin Packie, ta ajiye tukunya ta koma, shi kuma gwiwar ta huce, ya san dabara. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma ƙaryar ta yi masa daɗi.

Karsanar ma ta ji muryar. Ta nufi gefen da bango ya rushe tana neman hanya, kofatonta na zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse, tsakuwa na gangarawa ƙasa. Ya yi mata fito, ya lallashe ta, ba ta ko waiwayo ba. Shi ya karɓi haihuwarta da hannunsa. Ya ja numfashi ya ƙwala wa 'yarsa kira.

Nuala ta hawo tana haki. Ta kama karsanar ta ɗaure a jikin dutsen murhu, ta durƙusa ta taɓa gwiwar. Ya jira faɗa, har ya shirya amsa, amma faɗan bai zo ba. Rigar ruwanta kawai ta cire ta yafa masa, ta ce za ta kirawo mazan da za su sauko da su.

Da ƙyar ya ce, "To in na tafi, wa zai duba shanun?"

"Packie zai riƙe su, Baba."

"Ya za a yi ki sani? Ba ki tambaye shi ba."

Ta gyara masa wuyan rigar, ba ta dube shi ba. "Tun bara muka gama maganar da shi."