Gwiwar Hambali

Ran da Hambali ya fara dawowa Magariya daga ƙasar Larabawa, inda yake buga wa wata ƙungiya balo, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba tun daga tasha har ƙofar gidan kawunsa. A kafaɗa aka ɗauke shi. 'Yan kabu-kabu na ta ihu, masu shayi sun bar butoci a wuta, kowa na rantsuwa shi ya fara ganin yaron yana buga balon tsumma a ƙauyensu na wajen Yekuwa. Ƙarya suke, yawancinsu ko hanyar ƙauyen ba su sani ba.

Mutum ɗaya ne bai zo tarba ba, ubansa, tsoho Maina. Shi bai taɓa kallon balo ba, ko a tele. Abin da ya sani kawai, ran da uwar Hambali ta rasu ɗan nasa yana can wata uwa duniya yana bin fata mai iska da gudu. Da Hambali ya je gaishe shi da shadda da agogo, Maina ya ture kayan gefe.

"Ba na son ko ɗaya. Abu guda nake roƙonka. Ran da tawa ta zo, kai za ka sa ni a rami da hannunka."

"In sha Allahu, Baba."

Ya faɗe shi ba ko tunani, don a lokacin jikinsa bai taɓa ƙin umarninsa ba.

To, balo ba ta da amana. Wani mai tsaron baya ya shigo masa da ƙafa biyu, gwiwar dama ta tarwatse. Aka yi aiki, aka sake, aka sa ƙarfe. Ƙungiyar ta yi masa godiya ta ɗauko wani. Da ya dawo gida gaba ɗaya, shi ya sauke jakarsa da kansa daga motar haya. Masu shayin nan suna nan daram, amma kan wani suna daban suke musu. Ƙafar ta miƙe kamar taɓarya, ba ta tanƙwaruwa. Salla ma a kan kujera yake yi a gefen sahu tare da tsofaffi, shi da ko arba'in bai kai ba.

Ya koma ƙauye wurin uban. Kullum da safe sai ya zaga bayan rumbu, ya kama turke, ya yi ta gwada tsugunno har gumi ya jiƙa masa riga. Maina na hango shi ta kafar danga. Amma bai janye roƙonsa ba.

Ana cikin girbin gero Maina ya cika, da hantsi. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka sallace shi, aka ɗauki makara zuwa bayan gari. An riga an gina kabarin, uwa mai faɗi, da 'ya ƙunƙuntar a tsakiyarta, inda gawa za ta kwanta. Mai sa gawa dole ya shiga uwar, ya karɓa, ya tsuguna ya sauke ta a hankali.

Hambali ya zura lafiyayyar ƙafar cikin uwar kabarin, ya jawo ɗayar. Ƙanensa Usaini ya karɓi wajen ƙafafu, shi ya karɓi wajen kai. Tsohon ba nauyi, ya rame ƙwarai. Usaini ya tsuguna. Hambali ya yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya cije leɓe ya sake. Ya gwada miƙar da ita gefe, ramin ba wuri. Ya sunkuyo daga ƙugu, ya ji gawar na neman suɓuce masa, ya yi maza ya ƙanƙame ta. Ƙafafun Maina suna ƙasa, kansa yana rataye a ƙirjin ɗansa.

 Rana na dukan mutane. Tsoro ya kama Hambali, irin wanda bai taɓa ji a gaban dubban 'yan kallo ba.

Liman Ilyasu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Hambali, ba a barin mamaci yana jira. Ka ba Dogo ya kama."

"Ni ya ce, Malam."

"Mun sani. Allah ma ya gani."

Dogo maƙwabcinsu ya shiga ya zare kan tsohon daga hannunsa. Fita ma ta gagari Hambali, sai da maza biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi sama suka dire shi a bakin kabarin.

Aka jera itace, aka liƙe da laka, kowa ya sunkuya yana tura ƙasa. Hambali na tsaye ƙiƙam, hawaye na bin gemunsa, ƙasar tana nan gindin ƙafarsa. Usaini ya ɗebo da hannu biyu ya juye masa a tafi.

"Zuba masa, Yaya."