Fuskar Arvid ta Yi Saɓa

Mijina Arvid ya tsufa yana rabon wasiƙu gida-gida a garinmu da ke jihar Minnesota ta Amurka, rana ta bar masa ɗigo-ɗigo a goshi da kumatu. Bai taɓa damuwa ba sai da auren 'yarmu Solveig ya matso. Shi zai riƙo hannunta har gaban fasto, ga kuma masu hoto.

Ya je asibitin fata, aka shafa masa ruwan maganin nan da ke sa tsohuwar fata ta saluɓe, sabuwa ta fito. Ma'aikaciyar ta ja masa kunne: kar ya ɓantari fatar, kar ya shiga rana.

Washegari sai ga shi da ƙugiya da bokiti.

"Tsoho, ina zuwa?" na ce.

"Tafki. Kifi na jirana."

"Ba an ce ka guji rana ba?"

"Haba Marlys! Wace rana kuma a tsakiyar hunturu?"

Kunnen ƙashi ke nan. Ya huda ƙanƙarar da ta rufe tafkin ya wuni zaune a kai, ya manta abin da kowa a nan ya sani: farin ƙanƙara na maido wa mutum hasken rana a fuska. Ya dawo da kifi biyu da fuska jawur kamar tumatir.

Ana jibi biki fatar ta fara zuba, har cikin kofin shayinsa. Mutumin ya kulle kansa a gareji.

"A kira ƙanena ya raka ta," ya ce ta bayan ƙofa. "Ba zan ɓata mata hoto ba."

Na yi niyyar cewa Allah ya ƙara, amma muryarsa ta ba ni tausayi. Na kira Solveig.

Ta zo da mayafin amarcinta a hannu, ta buga ƙofa har ya buɗe. Ta dube shi, dariya ta ƙwace mata, ta yafa masa mayafin.

"To ga shi, Baba, tunda kai ne amaryar."

Shi ma ya fashe da dariya. Ta ɗage mayafin ta ce, "Fuskar da ta sha rana don in ci abinci, ita nake so kusa da ni, da ɓawo ko babu."

Ranar biki ya raka ta har gaban fasto, yana hawaye yana saɓa. Hoton na falonmu. Da mai hoto ya ce zai goge jan, Solveig ta ce kar ya kuskura.