Dutsen Baba a Hoto

Tun ranar da Auta ta sayi kyamarar nan ta hannu, gidan bai sake samun sakat ba. Ta ɗauki kazar maƙwabta, ta ɗauki igiyar shanya, har Yaya ta ɗauka yana barci baki buɗe. Ma'aikaciyar jinya ce, a kan allura kam ba a ja da ita, amma a harkar hoto 'yar koyo ce, irin wadda ɗoki ya fi iyawa yawa.

Wata abokiyar aikinta ce ta tura mata shiryayyun launuka, abin da masu hoto ke cewa filta. Ka danna sau ɗaya, hoton da ya fito fari fat kamar an wanke shi da omo ya koma na jikin kalanda. Auta ta ƙwallafa rai a kan wani mai suna Damina, wanda ko tsakuwa ka nuna masa sai ya mayar da ita kore.

Mahaifinsu kuwa ya daɗe a kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya daina jin magana. Gadonsa na kusa da taga, kwalaben magani jere a kan kujera, rediyo a gefen filo. A rediyon ya ji cewa kamfanin fasa dutse ya sayi dutsen da ke bayan tsohuwar gonarsu.

"Auta, zo nan da na'urar taki," in ji shi. "Kullum kaza, kullum kaza. Ki je ki ɗauko mini dutsen nan kafin su cinye shi. Ni dai ƙafa ta ƙi, amma ido yana nan."

Ranar hutunta Yaya ya kai ta a motarsa mai tari. Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne: dutse ruwan toka, jar ƙasa, busasshiyar ciyawa, da wata siririyar hanya fara da ta gangaro ta wuce gindin wata karkatacciyar bishiya. Auta ta yi ta ɗauka, amma ranta bai so ba. A ganinta wannan ba abin da za a kai wa marar lafiya ba ne.

Da ta dawo sai ta zauna gaban kwamfuta, ta zaɓi hotunan gaba ɗaya, ta danna Damina. Nan take jar ƙasa ta yi kore shar, sama ta yi shuɗi kamar an rina, dutsen ya ɗauki ruwan zinariya. Ta ga farar hanyar nan tana ɓata mata tsari, ta sa abin gogewa ta share ta. Ta adana gyararrun, ta zubar da na asali don kwamfutar na kukan cika, katin kyamarar ma ta wanke shi tas ta cika da hotunan furannin asibiti.

"Yaya, zo ka ga aiki!"

"Kai! Nan muka je?" in ji Yaya. "Ai da na san haka wurin yake da na kai amarya."

Ta kai aka wanko mafi kyawun a babbar takarda. Baba ya sa aka tayar da shi zaune, aka saka masa tabarau. Ya riƙe hoton da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kallo.

"Tubarkalla. Ƙasar wasu akwai ni'ima," ya ce. "To, ina namu?"

Auta ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. "Baba, ai shi ne wannan. Gyara shi na yi."

Ya matso da takardar kusa da ido, yatsansa na bin gindin dutsen yana laluben wani abu. "Ƙasarmu ja ce, 'yar nan. Kuma akwai hanya nan. Ta nan mahaifiyarku take gangarowa da abinci a ka, tun daga sama nake hango ta, in yi kamar ban gani ba. Ita nake so in gani."

Mahaifiyar tasu ta rasu Auta na goye. Ba wanda ya taɓa gaya mata zancen hanyar, ita ma ba ta tambayi abin da yake son gani a dutsen ba. Ta gyara masa filo.

"Gobe zan kawo maka na ainihin, Baba."

Washegari ta tafi shagon mai wankin hoto da kwamfuta da kati. Mutumin ya bincika, ya sake bincikawa, ya girgiza kai.

"Hajiya, ɗanyen hoton fa? Wanda ba a taɓa ba?"

"Na goge."

"Katin kuma kin hau kansa da wasu. Ai shi filta a kan kwafi ake sa shi, a ajiye na asali. Wannan ya riga ya dahu, ba ya komawa ɗanye. Garin neman gira kin rasa ido."

Aiki ya riƙe ta, ba ta samu komawa ba sai da wani hutun ya zagayo. Ta tarar an kewaye wurin da waya, manyan motoci na shiga da fita, gefen dutsen a ɓare fari tas. Bishiyar babu ita. Inda hanyar take an zuba tsakuwa an daddanne. Ta ɗaga kyamarar, ta sauke ba ta danna ba.

Baba bai sake tambaya ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo fiye da faɗa. Cewa ya yi a kafa hoton a bango, saitin gadonsa, don kada wahalar yarinya ta tashi a banza.

Rannan wani tsohon abokinsa ya zo dubiya, wanda suka yi noma gona da gona. Auta na tsaye tana auna maganin Baba a cokali. Baƙon ya ɗaga kai ya ga hoton.

"A'a, wannan kuma ina ne?"

"Aikin Auta ne," in ji Baba. "Ka ga hannu, ko? Ni ma ban taɓa zuwa wurin ba."