Turmi na Biyu a Damben Dogo da Sodangi

Khalidu mahauci ne a kasuwar Malanbil. Kafin gwiwarsa ta lalace ya yi shekara goma sha ɗaya yana dambe, har Gaya da Kamba an san hannunsa. A zamaninsa hukunci ɗaya ne: wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, in kuwa an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, a raba su, babu kisa.

Salman ne ya zo da sabon tsari. Ɗan gidan 'yan kasuwa ne, shi ke shirya damben Lahadi da la'asar a fili bayan tasha. Ya ce 'yan kallo sun gaji da jin "babu kisa". Sai ya zaunar da alƙalai uku a benci ɗaya, kowa da takarda da bik na rubutu, kowane turmi a rubuta wanda ya fi. Ya ɗauko Sa'adu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da Zahiru mai sayar da taya, sannan ya roƙi Khalidu ya zama na uku don sunansa.

Mako huɗu aka yi lafiya kafin maganar Manzo ta tashi.

Manzo dillalin albasa ne, mijin ƙanwar Khalidu. Kowace Asabar yakan zauna wurin mai shayi ya faɗi wanda zai ci babban damben gobe. Sau huɗu ya faɗa, sau huɗu ta tabbata, kuma duka huɗun ba kisa aka yi ba, takarda ce ta raba. Mutane suka fara haɗa zance. Wata safiya wani mai sayen nama ya ce wa Khalidu, yana murmushi, "Yanke mini tsoka, kuma ka raɗa mini abin da kake raɗa wa surukinka."

Wuƙar ta kusa cin yatsan Khalidu. Ya san bai taɓa faɗa wa Manzo komai ba. To wa ke faɗa masa? Daga ranar ya soma lura da abokan bencinsa. Ya ga Sa'adu na rufe takardarsa da tafin hannu. Ya ga Zahiru na waiga cikin taro kafin ya rubuta. Da can bai ɗauki waɗannan a bakin komai ba.

Ana saura kwana ɗaya damben Dogo, masunci daga Garu, da Sodangi na Gaya, Manzo ya ce Sodangi zai ci, kuma a takarda. Khalidu ya bar rumfarsa ya same shi cikin buhunan albasa.

"Manzo, zo mu yi magana."

"Lahiya, Yaya?"

"Ba lahiya ba. Wa ka ba ka labari? Sa'adu ko Zahiru?"

Manzo ya yi dariya, ya kakkaɓe ɓawon albasa daga rigarsa. "Yaya, ni ban kallon 'yan dambe. Ku nike kallo. Malam Sa'adu bai taɓa cin naushi ba, duk wanda ya ga shina kora gaba shi ne gwaninsa. Zahiru kunne garai, ba ido ba, inda kalangu ya hi ƙara nan yake. Kai kaɗai ka duba naushin da ya shiga. Biyu sun rinjayi ɗaya. Sodangi kora gaba yake, kuma da makaɗansa yake zuwa. Mi ya rage?"

Maganar ta shiga kunnen Khalidu, amma ba ta zauna masa ba. Ta yi santsi da yawa, kamar wadda aka tanada tun kafin a tambaya.

Ya je wurin Salman ya kawo sharaɗi biyu: a raba alƙalai, kowa a kusurwarsa, kuma a tsayar da kiɗa in an shiga turmi.

"Baba Khalidu, raba benci mai sauƙi ne," in ji Salman. "Amma dambe ba kiɗa? Makaɗa za su tashi, 'yan kallo su bi su."

Aka tsaya a kan raba benci.

Ranar Lahadi filin ya cika. Mutanen Garu sun zo a kan babura da kekuna, na Gaya sun ƙetaro gada da kalangunsu. Khalidu ya zauna shi kaɗai a kan kujera ta gefen gabas, rana na dukan fuskarsa.

Turmi na farko na Dogo ne, ba gardama. Yana ja da baya, Sodangi na binsa, amma sau biyu ya ɗirka masa naushi a muƙamuƙi. Khalidu ya rubuta da ajami: Dogo. Turmi na biyu ne ya rikice. Dogo ya sake samun fuska sau ɗaya, taro ya ɗauki sowa. Amma dab da a raba su, Sodangi ya sunkuya ya zuba masa ɗaya a haƙarƙari. Bai yi ƙara ba, kusan ba wanda ya gani, Khalidu kuwa ya ga hannun garkuwar Dogo ya sauko, ya ga bakinsa ya buɗe yana neman iska. Ya san wannan naushin, an taɓa yi masa irinsa a Kamba.

Ya ɗora bik a takarda ya tsaya. In ya rubuta Dogo, wataƙila hasashen Manzo ya faɗi, bakin mutane ya sauka daga kansa. Ya hango Manzo can cikin taro yana cin gyaɗa hankali kwance. Ya daɗe yana riƙe da bik ɗin har mai karɓar takarda ya matso. Ya rubuta: Sodangi.

Turmi na uku Dogo ya yi ta kare gefensa, bai kai hannu sosai ba. Sodangi ya ɗauka.

Da Salman ya karanta sakamako, Sa'adu ya ba Sodangi. Zahiru, wanda aka zaunar kusa da mutanen Garu, ya ba Dogo. Takardar Khalidu ce ta raba, turmi biyu da ɗaya, Sodangi ya ci.

Ba a jefe shi ba, ba a zage shi ba. Mutanen Garu sun tura baburansu sun wuce ta gabansa ba wanda ya yi masa sallama. Wani tsoho ne kawai ya tsaya ya ce, "Surukinka ya sake faɗa daidai."

Bayan kwana uku Dogo ya zo rumfar nama da kansa, yana tafiya a karkace.

"Baba, tambaya ɗaya. Turmi na biyu, mi ka gani?"

Khalidu ya ajiye wuƙa, ya miƙa yatsa ya nuna haƙarƙarin Dogo na hagu bai taɓa ba. "Nan."

Dogo ya dafa wurin. "Mai ɗori ya ce guda ya tsage," in ji shi. "Amma in na hwaɗa a Garu, cewa za a yi kai ka saye ni." Ya sayi hanta ya tafi, bai ce zai faɗa ba, bai ce ba zai faɗa ba.

A makon nan ne Khalidu ya je bakin gada karɓar raguna biyu da aka aiko masa daga Gaya. Yana tsaye kusa da ofishin duwan, wato kwastan, sai ga babur ya wuce, Manzo ke tuƙi, Malam Sa'adu a baya, suna hira suna dariya. Ko rage masa hanya kawai ya yi, ko sun saba, Khalidu bai sani ba. Ya tambayi ƙanwarsa a fakaice, ta ce ita ba ta taɓa ganin malamin a gidansu ba.

Ranar Juma'a ya mayar wa Salman bik ɗinsa. Salman ya roƙe shi, ya ƙi. Aka sa wani tsohon ɗan kokawa daga Madekali a kujerarsa.

Manzo ya ci gaba da hasashe wurin mai shayi, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Shi da Khalidu suna gaisawa a suna da jana'iza, amma ba su ƙara zancen dambe ba. Mutanen Garu sun ɗauki kusan damina guda kafin su dawo sayen nama a rumfarsa, kuma ba duka suka dawo ba.