Akuyar Dokas a Barunde

Shekara talatin da ɗoriya Dokas ta yi a Nasarawo, amma ko sau ɗaya mijinta Cornelius bai taɓa yanka akuyar Kirsimeti da hannunsa ba. Ba tsoron jini yake yi ba. Maƙwabcinsu Malam Jaji ne mai yankan, domin idan ba Musulmi ne ya sa wuƙa ba, Musulmin layin ba za su ci ba. Ita kuwa Dokas ba ta ga amfanin shinkafar da maƙwabci bai ci ba. Da sassafe Jaji zai shigo yana wasa wuƙa yana tsiya, wai akuyar bana har ta fi Cornelius rama. Kafin azahar kwanuka sun watsu gida-gida. Da Babbar Sallah kuma nama ya yi ta shigo mata har ta rasa igiyar shanya.

Yanzu Cornelius da Jaji duk ƙasa ta rufe musu ido. 'Yarta Becky ta ɗauko ta ta dawo da ita Barunde, layin da ba abin da ka sani na maƙwabcinka sai launin motarsa.

Da safiyar Kirsimetinta na farko a can, ta tambayi wanda zai yi yanka.

"Mama, ki bar mijina ya yanka kawai," in ji Becky. "Nan ba Nasarawo ba ce. Ba mai jiran abincinki."

Dokas ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane, ta kwance akuya ta ja ta waje. Tsohuwa idan ta kafe, sai dai a bi ta da ido.

A gida na farko maigadi ya leƙo ta ɗan ramin ƙofa, ya ga akuya, ya ce ba sa saye. A na gaba kare ne ya amsa sallamar. Ta ƙara gaba aka ce masu gidan sun yi tafiya. Ƙafa ta gaji, ta zauna a bakin kwalbati, akuyar na tauna mata gefen zane. Kewar Jaji ta kama ta kamar yau ya rasu. Ta ce a ranta ashe da aka binne shi da Cornelius, har da mutunci aka haɗa.

Sai wata baƙar mota ta tsaya, ta gidan da ke kallon nasu. Wani magidanci ya fito cikin farar shadda, da gani ɗaurin aure za shi.

"Mama, lafiya? Ko ƙwace miki ta yi?"

Cikin jin nauyi ta gaya masa abin da take nema. Ya tsaya yana kallon akuyar, har ta fara da-na-sanin buɗe baki. Can sai ya cire babbar riga ya jefa cikin mota, ya naɗe hannun 'yar ciki.

"Sunana Zulkifilu. Mu je, ina wuƙar?"

A tsakar gidan Becky ya kwantar da akuyar, ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla. Jini ya fantsamar masa a wando. Dokas ta shiga ba shi haƙuri, ya ce ruwa zai wanke.

"A Bolari na tashi," ya ce yana wanke hannu. "Akwai wata Mama Theresa a layinmu, shinkafarta har kokawa muke yi a kai. Tun da na tare a nan ban sake ci ba. Ranar da na ga an shigo muku da akuya na so in yi magana, kunya ta hana ni."

Becky na tsaye a ƙofar kicin tana kallonsu.

Har ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Mama, ƙarfe nawa zan turo da kwano?"

Dokas ta goge ido da bakin ɗankwali, farin ciki ya cika ta.

"Ba a turo mini kwano, ɗana. Ni nake kaiwa. Ka dai gaya wa maigadinka ya buɗe mini."