Kwanon da Aka Ware Mini

Shekara bakwai na yi a ƙasar waje, a wata tashar lantarki ta nukiliya. Aikina tsara hanyoyin ruwan da ke sanyaya tukunyar da makamashin nukiliyar ke ci a cikinta, ta yadda ko wuta ta ɗauke, ko ma'aikaci ya yi shirme, ruwan zai gangaro da kansa daga tankin sama. Duk tsawon lokacin nan ba abin da nake kewa kamar hayaniyar tsakar gidanmu na Ƙofar Wambai.

Na iso ranar Laraba da la'asar. Aka yi ta sannu da zuwa, amma daga nesa. Bappa, ƙanen mahaifinmu, ya miƙo hannu ya fasa, ya dafa ƙirji. Ƙanwata Ni'ima ta goya jaririyarta, wadda ban taɓa gani ba sai a waya, ta ƙi sauke ta. Da aka kawo tuwo, maza suka kewaye nasu, nawa kuwa aka ajiye a sabon kwano can gefe.

Ashe wani mai kemis ne a unguwa, sarkin sani, ya gaya musu duk wanda ya yi aikin nukiliya jikinsa na fitar da guba, har tana hana haihuwa.

"Bappa, ni fa zane nake yi a ofis," na ce. "Ko na shiga ciki, da na'urar auna gubar a ƙirjina. Kankaren da ke tsakanina da tukunyar ya ninka katangar gidan nan sau biyar."

"To ka ji!" in ji shi. "Abin da ba ya kisa ne za a yi wa wannan katanga?"

Raina ya ɓaci. Na zauna ni kaɗai ina juya loma, ƙwalla na neman zubowa.

Inna tana bakin madafa. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma Bafulatana ce ta gaske: tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane. Ban ma sa rai da ita ba.

Sai ta taso, ta kwance jaririyar daga bayan Ni'ima, ta ɗora mini ita a cinya. Ta zauna a tabarmata, ta kawar da kai, ta sa hannu a kwanona.



"Salihu," ta ce, tana kallon bango, "ci mana, zai huce."